Shin kyanwar Schrödinger ta mutu ko tana raye? Amsa ga wata malamar fiziks

Tambayar ta zo ne daga wata malama da ke koyar da fiziks a wata sakandare a Tudun Wada, Kaduna. Ta ce ɗalibanta 'yan aji shida sun gani a waya cewa wai a kimiyyar kwantam, wato fiziks na ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra, kyanwar da masani Erwin Schrödinger ya kwatanta an kulle a akwati tana iya zama matacciya kuma rayayya a lokaci guda, sun taso ta gaba da tambayoyi. Tana son sanin mene ne wannan sufafozishan ɗin, kuma tun da ba a taɓa saka kyanwar a akwati ba, wane amfani gwajin da aka yi a zuci kaɗai yake da shi.

Malama, Allah ya ƙara basira. Shawarata ta farko ita ce ki ajiye kyanwar a gefe tukuna. Ita ce ƙarshen darasi, kuma duk wanda ya fara da ita sai ya ɓata. Ki fara da foton guda ɗaya, wato ƙwayar haske, domin a nan ne ake iya lissafa komai a kan allo cikin minti goma.

Ki zana wannan na'ura. Akwai wani irin madubi da ke raba haske biyu, rabi ya wuce, rabi ya karkata. Haske ya faɗa kan madubi mai rabawa na farko, ya bi hanyoyi biyu, ta sama da ta ƙasa. Madubai na yau da kullum su juyo da hanyoyin biyu su haɗu a kan madubi mai rabawa na biyu. Bayansa akwai na'urorin gano haske guda biyu, ki kira su A da B. Masana na kiran wannan tsari na'urar Mach da Zehnder. Yanzu a riƙa sakin foton ɗaya bayan ɗaya. Foton ba ya rabewa gida biyu: duk lokacin da aka sa na'urar ganowa a kan hanyoyin, ɗaya ce take kama shi, ɗungurungum.

Hankali zai ce to, kowane foton ya zaɓi hanya ɗaya, mu ne dai ba mu san wacce ba. Idan haka ne, ga lissafin: rabi su bi sama, a madubi na biyu su sake rabewa, kwata zuwa A, kwata zuwa B. Na ƙasa ma haka. A ta samu rabi, B ta samu rabi.

Abin da ake gani a ɗakin gwaji daban ne. Idan tsawon hanyoyin biyu ya zo daidai, duk fotonin A suke zuwa, B ba ta samun ko ɗaya. Abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne idan aka toshe hanyar ƙasa da kwali: rabin fotonin su mutu a jikin kwalin, kwata su je A, kwata kuma su je B. An rufe hanya, amma B da ba ta samun komai ta fara samu. Ki tsaya a nan ki bar ɗalibai su ji nauyin abin. Idan foton hanyar sama kaɗai ya bi, ina ruwansa da ko ta ƙasa a buɗe take ko a toshe?

Ka'idar kwantam tana lissafa wannan ne da wata lamba da ake kira amfilitud. Kowace hanya tana da tata, kuma tana iya ɗaukar alamar ƙari ko ta ragi. Ana samun yiwuwar faruwar abu ta hanyar ninka amfilitud da kansa, dokar da Max Born ya kawo a 1926. Kowane madubi mai rabawa yana ninka amfilitud da 0.707, domin 0.707 sau 0.707 rabi ne. Foton ya ratsa irin madubin sau biyu, don haka kowace hanya tana isa ƙarshe da 0.5. Zuwa A, hanyoyin biyu alamarsu ɗaya: 0.5 a tara da 0.5 ya ba da 1, a ninka da kansa ya ba da 1, wato ɗari bisa ɗari. Zuwa B, alamominsu sun saɓa: 0.5 a cire 0.5, sifili. Da aka toshe hanya ɗaya, 0.5 kaɗai ya rage, a ninka shi da kansa ya ba da 0.25, kwatan da aka gani ke nan. Dokar gaba ɗaya ita ce: idan babu wani abu a duniya da ya riƙe shaidar hanyar da aka bi, amfilitud ake fara tarawa sannan a ninka, idan akwai shaida, sai a ninka kowanne daban sannan a tara.

Halin da foton yake ciki tsakanin madubin farko da na biyu, inda hanyoyin biyu suke da amfilitud kuma suna iya ƙarfafa juna ko su kashe juna, shi ne sufafozishan, haɗakar hali. Hali ne guda ɗaya cikakke mai zaman kansa, kuma ana gane shi da aikinsa. Idan aka ƙara wa hanya ɗaya tsawon rabin zangon hasken (haske yana tafiya kamar taguwar ruwa, zango kuwa shi ne tazarar tudu da tudu na taguwar), wato nanomita 325 ga jan haske mai zango 650, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, sai lamarin ya juye, duk fotonin su koma B. Kwatanta wannan da tsabar kuɗi da aka wurga aka rufe da tafin hannu. Ita ma ba a san fuskar da ta faɗi ba, amma ta riga ta faɗi a kan ɗaya, kuma babu wata dabara da za ta sa yiwuwar kai da ta wutsiya su kashe juna. Kuskuren da ya fi yawa a aji shi ne a ba da misalin tsabar nan a matsayin bayanin haɗakar hali. Ki yi amfani da ita don nuna abin da haɗakar hali ta bambanta da shi.

Kalmar nan ta "yana wuri biyu a lokaci guda" ni ba na son ta a bakin malami, domin ba a taɓa kama foton ko ilektron, ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, a wuri biyu ba. Ya fi kyau a ce yana cikin halin da tambayar "wace hanya?" ba ta da amsa tukuna, kuma shaidar hakan ita ce B ta zauna babu haske.

Akwai gwaji biyu da za ki iya yi a aji da kayan da ake samu a cikin gari. Na farko yana buƙatar ƙaramar tocilan leza mai jan haske, ɗan gilashi, kyandir da reza biyu sababbi. Ki riƙe gilashin a kan harshen kyandir har ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ki bar shi ya huce. Ki haɗa rezojin biyu gefe da gefe ki matse su, ki ja layi sau ɗaya tak a kan baƙin. Za su bar tsaga biyu, tazararsu kamar kaurin reza, kusan milimita 0.1. Ki haska lezar ta cikin tsagogin zuwa farin bango mai nisan mita biyu, a ɗaki mai duhu. Za a ga ɗigogin haske a jere da duhu a tsakaninsu. Tazarar ɗigo da ɗigo ita ce zangon haske sau nisan bango a raba da tazarar tsagogi: 0.00065 sau 2,000 a raba da 0.1, duk a milimita, ya ba da 13. Ɗalibai su auna da rula su gani. Inda ake samun matsala: idan aka danna rezar da ƙarfi tsagogin su haɗe su zama ɗaya mai faɗi, idan hayaƙin ya yi kauri ya riƙa ɓarewa, idan taga a buɗe take ɗigogin gefe su ɓace. A yi gilasai uku ko huɗu a zaɓi mai kyau. Kada a bari kowa ya haska lezar a idon wani, ko ya leƙa ta ta gilashin.

Na biyu yana buƙatar ledar nan mai tace haske da ke manne a fuskar sikirin, wadda masu gyaran waya ke kira folaraiza. Za a same ta a wajensu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko a ɓare ta daga mataccen kalkuleta. Ana buƙatar guda biyu. Ki buɗe farin shafi a laftof mai sikirin LCD, domin haskensa ya riga ya tatu zuwa fuska ɗaya. Ki riƙe leda ɗaya a gabansa kina juya ta har ta yi baƙi. Sai ki zura ta biyun tsakanin sikirin da ta farko, a karkace da digiri 45. Haske zai dawo, kusan kwatan abin da sikirin ke bayarwa, wato rabi sau rabi, ban da ɗan abin da ledar kanta take sha. Dalili: hasken da ke tsaye haɗaka ce ta karkata dama da karkata hagu, kuma wanda ya karkata haɗaka ce ta tsaye da kwance. Wannan yana koyar da wani abu da littattafai kan tsallake, cewa kowane hali haɗaka ne idan aka dube shi da wani ma'aunin. Idan ledar ta ƙi yin baƙi, ki juya ta ciki ya koma waje, domin wasu suna da ƙarin shimfiɗa a gefe ɗaya. Yawancin manyan wayoyin yanzu sikirin OLED gare su, ba za su ba da sakamako mai tsabta ba.

Sai dai ki faɗa wa ɗalibai gaskiya: waɗannan gwaje-gwaje biyu tsohuwar ka'idar taguwar haske ma tana bayaninsu, tun Thomas Young a farkon shekarun 1800. Leza mai ƙarfin miliwat ɗaya tana fitar da foton sama da tiriliyan 3,000 a daƙiƙa guda. Abin mamakin yana bayyana ne idan aka rage su suka koma ɗaya bayan ɗaya amma zanen bai canza ba. A 1909 G. I. Taylor a Ingila ya dusashe haske matuƙa, ya bar farantin hoto kusan wata uku, zanen ya fito. A 1961 Claus Jönsson a Jamus ya yi gwajin tsagogi da ilektron. A 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan sun nuna ilektron suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗigo guda a inda ba a zata ba, har dubun-dubata suka taru layukan suka bayyana.

Yanzu sai kyanwa. A 1935 Erwin Schrödinger, masani ɗan Ostiriya wanda ya samar da babban lissafin wannan fanni a 1926, ya kwatanta akwatin ƙarfe da aka kulle kyanwa a ciki. Tare da ita akwai ɗan ƙanƙanin sinadari mai fitar da tururin nukiliya, an auna shi ta yadda cikin awa ɗaya yiwuwar ƙwayar zarra ɗaya ta fashe daidai take da yiwuwar kada ko ɗaya ta fashe. Idan ta fashe, na'urar Geiger mai gano tururin nukiliya ta ji, ta saki guduma, gudumar ta fasa kwalbar guba, kyanwa ta mutu. Ka'ida ta ce ƙwayar tana cikin haɗakar "ta fashe" da "ba ta fashe ba". Na'urar Geiger da guduma da kyanwa duk da ƙwayoyin zarra aka yi su, don haka idan aka bi lissafin ba tare da an tsaya ba, haɗakar za ta haura har kan kyanwar.

Schrödinger bai kawo wannan don ya ce kyanwar ta zama biyu ba. Ƙorafi yake yi, shi da kansa ya kira misalin abin dariya. Yana tambayar masu ra'ayin Niels Bohr ne, masani ɗan Denmark kuma jigo a wannan fanni: kun ce haɗaka tana ƙarewa idan aka yi awo, to a wane mataki? A na'urar Geiger, a guduma, a kyanwa, ko sai mutum ya buɗe murfi? Lissafin bai nuna wurin ba. Duk wanda ya ɗauko kyanwar a matsayin abin da kimiyya ta tabbatar ya juya maganar mai ita.

Wannan shi ne aikin gwajin zuci. Ana ɗaukar dokar da mutane suka yarda da ita, a cire duk abin da ke damun gwaji na zahiri, irin su iska da gogayya da tsadar kaya, a bi dokar sau da ƙafa har inda za ta kai. Ko dai ta ci karo da kanta, ko ta fitar da wata lamba da za a iya aunawa, ko ta tona wani zato da aka ɓoye ba a sani ba. Dabarar tsohuwa ce. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi amfani da ita a falsafa da misalin mutumin da aka halitta yana shawagi a sarari ba ya gani ba ya taɓa komai. A fiziks kuwa misalin da ya fi dacewa da aji shi ne na Galileo, a littafinsa na 1638. An daɗe ana cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa. Galileo ya ce to a ɗaure babban dutse da ƙarami. Ƙaramin mai jinkiri ne, zai ja babban baya, don haka su biyun za su fi babban shi kaɗai jinkiri. Amma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, don haka za su fi shi sauri. Doka ɗaya ta ba da amsa biyu masu karo da juna, ta faɗi ba tare da an jefa ko tsakuwa ba. Einstein ma da tunanin mutumin da ke cikin lif mai faɗowa, wanda ba ya jin nauyinsa, ya kama hanyar da ta kai shi ga ka'idarsa ta 1915 a kan ƙarfin da ke janyo abubuwa ƙasa.

Gwajin zuci yana iya kuskure, kuma kusan kullum ta ƙofa ɗaya: wani zato da ya shigo ba a lura ba. A taron masana fiziks na Solvay na 1930 Einstein ya kawo misalin akwati cike da haske, da agogo mai buɗe ƙofa foton ɗaya ya fita, sannan a auna nauyin akwatin. Ya ce ta haka za a san lokaci da kuzari duka daidai, abin da ka'idar rashin tabbas ta Werner Heisenberg ta hana. Washegari Bohr ya nuna masa cewa awon nauyin yana motsa akwatin sama ko ƙasa, kuma bisa ka'idar Einstein ɗin kansa, gudun agogo yana canzawa da tsayin da yake. Don haka idan ɗalibi ya kawo miki nasa gwajin zucin, ki sa shi ya rubuta duk abin da ya ɗauka a matsayin gaskiya kafin ya fara, layi-layi. A cikin jerin nan ake samun ɓarakar.

Mafi girman ribar da aka ci daga gwajin zuci ita ce ta takardar Einstein da Podolsky da Rosen, ita ma ta 1935, a kan ƙwayoyi biyu da halinsu ya sarƙe ko da sun yi nisa da juna. Kusan shekara talatin ana ɗaukar ta gardamar falsafa. A 1964 John Bell ya mayar da ita lissafi. A sigar da aka fi aunawa, idan kowace ƙwaya tana ɗauke da amsarta tun farko kuma babu tasirin da ya fi haske sauri, wata lamba da ke auna dacewar sakamakon ƙwayoyin biyu ba za ta wuce 2 ba, ita kuwa ka'idar kwantam ta ce tana iya kaiwa 2.83. A 1982 Alain Aspect da abokan aikinsa a Faransa suka auna kusan 2.70. Shi da John Clauser da Anton Zeilinger suka karɓi kyautar Nobel ta 2022 a kan wannan aiki.

To me ya sa ba a ganin kyanwa a haɗakar hali? Ki koma ga dokar da muka faɗa: da zarar wani abu ya riƙe shaidar hanya, amfilitud sun daina kashe juna. Ba a buƙatar ido ko hankalin mutum. Ƙwayar iska ɗaya da ta bugi abu ta tafi ta isa shaida. A iskar ɗaki, kowane santimita murabba'i na jikin kyanwa yana shan bugun ƙwayoyin iska da yawansu ya kai kusan 3 da sifili 23 a bayansa cikin daƙiƙa ɗaya, ga zafin jikinta yana fitar da hasken da ido ba ya gani ba dare ba rana. Ko ƙwayar ƙurar hunturu da ke yawo a iska tana rasa haɗakarta cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan sau biliyan na daƙiƙa ba. H. Dieter Zeh ya fara bayanin wannan a 1970, Wojciech Zurek ya faɗaɗa shi daga baya.

An kuma gwada. A 1999 a Viyana aka ga zanen layuka da dunƙulen kabon mai ƙwayar zarra 60. A 2004 masu binciken can suka riƙa gasa dunƙule mai ƙwaya 70 da leza kafin ya shiga na'ura. Da zafin ya ƙaru har ya fara fitar da foton masu tona inda yake, layukan suka dusashe sannu a hankali yadda lissafi ya faɗa. A 2019 aka kai ga dunƙule mai ƙwayoyin zarra kusan 2,000. Wannan yoyon shaida shi ne babban abokin gabar masu ƙera kwamfutar kwantam, shi ya sa ake sanyaya wasu irinsu zuwa kusan kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na digiri sama da ƙarshen sanyi, wato sanyin da babu wanda ya fi shi. Ina kuma roƙon ki gargaɗi ɗalibai game da na'urorin da ake tallatawa da sunan kwantam, waɗanda wai in ka riƙe wani ƙarfe a hannu za su karanto cutar hanta da ƙoda. Babu abin da ya haɗa su da wannan ilimi, kuma suna hana marasa lafiya zuwa asibiti.

Yoyon shaida ya bayyana dalilin da ya sa ba a ganin karon amfilitud a manyan abubuwa, amma bai faɗi dalilin da ya sa sakamako ɗaya tak muke samu ba. A nan masana suka rabu. David Bohm a 1952 ya ce ƙwaya tana da wuri tabbatacce kullum, taguwa ce ke jan ragamarta. Hugh Everett a 1957 ya ce haɗakar ba ta rushewa sam, mai kallon ne ke shiga cikinta. Ghirardi da Rimini da Weber a 1986 suka ce tana rushewa da kanta, kuma saurin rushewar yana ƙaruwa da yawan ƙwayoyin da ke jikin abu. Biyun farko suna ba da lambobi iri ɗaya da ka'idar da ake koyarwa a gwaje-gwajen da muka ambata. Na ukun ya bambanta, domin ya yi hasashen cewa akwai girman da in aka kai, layukan za su ɓace ko da an kawar da iska da zafi gaba ɗaya, kuma wannan na cikin dalilan da ake ta ƙara nauyin abin da ake turawa ta cikin tsagogin.